Wasiƙa daga Kumasi: Samarin zango, madubin saiti ba zai gyara bindigar toka ba

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira.

Dan Allah ka ɗan bani fili in yi magana da ƙannenmu na zango masu sha'awar farauta, tunda ga 1 ga Disamba tana matsowa za a buɗe daji, kowa ya fara sauko da bindigarsa daga bayan ƙofa yana goge tsatsa. Abin da yasa na zauna nake wannan dogon rubutu a waya shine wani sabon yayi da ya shigo mana nan Kumasi, daga Aboabo har Asawase har Tafo, yara sun kalli bidiyon turawan Amurka a YouTube suna harbin barewarsu da bindigar da ake ɗurawa ta baki, daga nisan mita 150 dabba ta faɗi nan take ko shurawa bata yi ba, sai kowa yace ai sirrin yana cikin madubin nan da ake ɗaurawa a saman bindiga, wai sikof. Yanzu sai kaga yaro ya tara sidinsa yayi odar madubi ta intanet ya kai wa mai walda ya liƙa masa a kan bindigar toka irin ta kakansa, abin da zai ɗura a ciki kuwa bai wuce guntayen ƙusa da yankakken rodi da boris ɗin keke ba. Wallahi kamar ka ɗaura wa jaki sirdin hawan sallah ne kace sai yayi sukuwa.

Bindigar da kuke gani a hannun baturen nan, ɗuri ta baki kawai ne ya haɗa ta da tamu. Cikin bututunta akwai zane da aka sassaƙa yana tafiya a murɗe tun daga gindi har baki, shi ke sa harsashi ya fita yana juyawa, juyin nan kuma shi ke riƙe shi a kan hanya. Tamu ciki sumul take, harsashi yana fita ne yana bugun gefe da gefe, ɓangaren da ya taɓa a ƙarshe shi zai yanke masa inda zai nufa. To ka faɗa min, madubi zai nuna maka ƙirjin gada ɓaro-ɓaro daga mita 100, amma wa zai gaya wa harsashin ya bi inda idonka ya bi?

Su can ma ba haka kawai suke ɗura duk abin da hannu ya kai ba, rigima ce babba a tsakaninsu wane harsashi ya dace da wane bututu. Yawancinsu suna amfani da mai faɗin rabin inci ne, wajen milimita 12.7 kenan. Na gargajiya shine dunƙulen dalma zagayayye, ana yinsa ya ɗan gaza faɗin bututun kaɗan sai a naɗe shi da ɗan ƙyalle mai maiƙo a tura, nauyinsa giram 11 da rabi, kuma yafi son zane mai murɗawa a hankali, juyi ɗaya cikin inci 60 ko 66. Akwai dogo mai tsini wanda asalinsa daga wani hafsan sojan Faransa ne Minié, a 1849, gindinsa da rami, in albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya kama zanen, na farauta irin wannan a yau wani yakan kai giram 24. Sai kuma na zamani da ake saka ƙaramin harsashi mai giram 16 zuwa 19 cikin wata rigar roba, robar ce ke kama zanen, da an fita bakin bindiga sai ta faɗi harsashin ya wuce, shi wannan sai zane mai saurin murɗawa, juyi ɗaya cikin inci 28. In ka juya lissafin, ka saka dogon harsashi a bututu mai zanen a hankali, zaka tarar ya bugi allo a kwance ta gefe. Irin bindigar da ta kawo wannan yayi wani mutum ne Tony Knight ya fito da ita a 1985, kaf ɗinta, wato ɗan abin da ake bugawa ya kunna wutar, yana daidai bayan albarushi shi yasa ba ta cika ƙin tashi ba ko da raɓa.

Kuma abin da bidiyon baya gaya muku, ba ko'ina a Amurkan aka yarda da madubin ba. A jihar Kolorado lokacin farauta da bindigar ɗuri an hana madubi an hana harsashi mai rigar roba, sai saitin ƙarfe. A Fensilbaniya akwai lokaci na musamman bayan Kirsimeti da ba a yarda da wata bindigar ɗuri ba sai mai ƙyastu, irin ta kakannin kakanninmu. Wato masu kuɗin sayen madubin ma da kansu suka ce a ajiye shi, ka matso kusa da dabba in kai maharbi ne.

Sannan dabbar ma ba ɗaya bace. Namijin barewarsu mai farar wutsiya yakan haura kilo 100, suna zaune a kan bishiya ko bakin gona suna hangen fili. Mu fa? Gadarmu ta kurmi da ƙyar take kai kilo 10, mazo in ya ƙasaita ne ya kai 70 ko 80, kuma a cikin duhuwa zaka haɗu dasu, tsakanin rogo da ciyawa da kurangar daji inda taku 30 ma baka gani sosai. Ko wajen Ejura da Atebubu da daji ya ɗan buɗe, kafin a ƙone ciyawa ta fi tsayin mutum. Harbinmu na kusa ne, an gama. Bindiga mai sumul ɗin ciki in ta samu dunƙulen dalma daidai bakinta, mita 40 zuwa 50 zata yi maka aiki mai kyau, abin da ya wuce haka caca ne kake da ran dabba.

Yanzu bari in zo kan ƙusa da rodi, don nan ne abin yake ci min rai. Mutanenmu suna ganin in ka cika bututu da tarkacen ƙarfe ai ko ɗaya ya samu, to eh yana samu, amma samun me? Guntun ƙusa bashi da nauyi, bashi da siffa, yana fita yana wulwulawa iska na cinye ƙarfinsa, in ya isa sai ya shiga fata ya tsaya a tsoka. Tarihin garin nan ma ya ishe mu. A yaƙin Amoaful kusa da Bekwai ranar 31 ga Janairu 1874, Asantawa sun yini suna ruwan wuta a kan rundunar turawan Ingila ƙarƙashin Janar Wolseley daga cikin kurmi, da kusa sosai, har da Hausawa a ɓangaren turawan sune ke kan igwa, kuma babu wanda ya taɓa cewa Asantawa basu da zuciya ko basu iya yaƙin daji ba. Amma da aka tashi lissafi, a ɓangaren turawa mutum 4 ne suka mutu, masu rauni kuwa kusan 200. Dalili, bindigogin toka ne ana ɗura musu guntayen dalma da ƙarfe da duk abin da aka samu, suna raunatawa basa kashewa. Kwana huɗu bayan nan turawa suka shigo Kumasi. Abin da ya kasa kayar da mutum mai riga shi kake so ya kayar maka da mazo mai gudu.

Na ga wannan da idona a gidan wani dattijo maharbi a zangon Ejura, muna ce masa Baba kawai. An kawo mazo namiji yana feɗewa a kan buhu a tsakar gida, da wuƙa ta kai cinyar baya sai ta tsaya a kan wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwai, ya tsaga sai ga ruwan mugunya kore-kore yana wari, a tsakiya guntun ƙusa mai inci ɗaya ta lanƙwashe tayi baƙi, naman kewaye duk ya zama fari-fari ya saƙe. Baba ya ɗaga ƙusar a bakin wuƙa ya nuna wa yaran da suka kewaye shi, yace wannan dabba ta fi wata tana ɗingishi da aikin wani. Rabin cinyar nan karnuka aka jefa wa. Harbin Baba kuwa rami ɗaya ne bayan kafaɗa, dunƙule ɗaya ya fasa huhu biyu, yace ko taku 20 bata yi ba.

Mu musulmi kuma abin ya wuce asarar nama. Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da wani makami mai tsini da faɗi, aka ce masa abin da tsinin ya huda ka ci, abin da faɗin ya buge ya mutu kar ka ci. Malaman baya da bindiga ta zo yawancinsu sun halatta abin da harsashi ya kashe saboda yana hudawa ya zubar da jini, da sharaɗin kayi bisimilla lokacin harbi, in kuma ka tarar da ita da sauran rai ka yanka. Wanda yayi karatun Risala a zaure zai tuna har maganar dabbar da ta ɓace maka ta kwana baka same ta ba akwai zance a kanta. To kai da ka watsa mata tarkace ta gudu da hanji a fashe ta je ta mutu cikin ƙaya bayan kwana biyu, ba kai ba nama, ga alhaki. Addinin da yace ka wasa wuƙa ka hutar da abin yanka ba zai so wannan ba.

Abin da ya dace da bindigarmu dalma ce mai laushi, wadda in ka danna farce zai yi mata shaida. Tana da nauyi, in ta shiga jiki tana bajewa ta buɗe rami, kuma bata cin cikin bututu. Boris kuwa ƙarfe ne mai tauri, yana kankare bututun, in ya bugi dutse ko busasshen icce yana iya dawowa ko ya karkata ya nufi abokin tafiyarka. Don mazo dunƙule ɗaya daidai bakin bindigarka, naɗe da ƙyalle yadda zai shiga da ɗan matsi ba sai an buga da guduma ba, kuma ba mai faɗawa da kansa ba. Don gada da gyazbi manyan ƙwayoyin dalma masu girma ɗaya sun wadatar a taku 20 zuwa 25, in ka bugi gada da dunƙulen mazo a kafaɗa rabin naman ya tafi. Girma ɗaya nace fa, don in ka gauraya manya da ƙanana kowanne hanyarsa daban.

Masu narka dalma a gida, dan Allah ku bar fasa tsohon batirin mota, akwai asid a ciki ga wasu sinadarai da hayaƙinsu guba ne, naga yara suna yi a bayan gareji ba ko ƙyalle a hanci. Dalma bata da wuyar narkewa, digiri 327 ne, garwashi ma yana yi, amma a fili ake yi inda iska ke wucewa, ba a tukunyar da uwargida zata dafa waake gobe ba, kuma ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa cikin narkakkiya zata fantsamo maka a fuska. In an feɗe dabba a yanke naman da ke kewaye da ramin harsashi a zubar, musamman in yara ko mai ciki zasu ci, dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Jihar Kalifoniya ma tun 2019 ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya sun koma na tagulla, mu dai bamu kai nan ba, amma yanke wajen raunin bai fi ƙarfinmu ba.

To saiti fa, me za a sa? Yawancin bindigoginmu ɗan ƙulli ne kawai a baki, wasu ma babu, mutum yana miƙa bututu ne yana tawakkali. In kana son gyara na gaskiya wanda ba zai ci maka kuɗi ba, ƙulli a gaba mai haske, tagulla ko ka ɗiga masa farin fenti, da ɗan ƙarfe mai tsaga a baya, shikenan. Wanda ya fi wannan shine ɗan zobe mai ƙaramin rami kusa da ido, kana leƙawa ta ciki ido da kansa yake kawo ƙullin tsakiya, dattawan da idonsu ya fara gajiya sunfi jin daɗinsa. Akwai kuma na zamani mai ɗan zaren roba ja ko kore da ke tara haske, da asuba ko gab da magariba yana kyalli kamar an kunna, ba batir ba komai. Duk waɗannan suna barinka ka ga dabba ka ga abin da ke kewaye da ita.

Madubi kuwa a kurmi cuta ne, yana ƙara girman abu amma yana matse maka fili, gada ta motsa taku biyu ka neme ta ka rasa sai ganye kake gani manya-manya. Ga shi yawancin masu arahar nan na bindigar wasa ne ko ta iska, bugu biyu uku na albarushi saitin ciki ya goce, ga raɓa da hayaƙin toka suna rufe gilashin, in kuma ka manna ido kusa bindiga ta tokare baya bakin madubin ya sare maka gira, akwai wani yaro a layinmu da yake yawo da tabon har yau yana cewa faɗuwa yayi a babur. Uwa uba walda a jikin bututu, zafin nan yana taɓa ƙarfen daidai inda wuta tafi ƙarfi.

Kuma ko wane saiti ka sa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu wuri mai tudu a baya inda ba mutane ba dabbobi, ka kafa kwali ka zana da'ira kamar faɗin faranti, ka auna taku 25 ka harba sau uku da awo ɗaya na albarushi da harsashi iri ɗaya, in duka sun shiga ka ja baya zuwa 40, inda suka fara fita daga farantin nan to nan ne iyakarka, ko da mazon ya tsaya yana kallonka. Awo ɗaya nace, Baba da ɗan guntun ƙaho yake aunawa kullum a shafe, ba wai yau tafin hannu gobe tafi da rabi don an ce dabbar babba ce ba. Ƙarin albarushi baya ƙara saiti, ƙara da hayaƙi da ciwon kafaɗa yake ƙarawa.

Wajen ɗuri akwai abubuwan da ke cire wa mutane yatsu duk shekara kuma duk sanannu ne. Garin cikin katirij, wato harsashin bindigar zamani mai baki ɗaya da muke ce wa singil baral, ba albarushin toka bane, ƙarfinsa ya ninka, wanda ya farke katirij ya juye a bindigar toka bam ya haɗa a gaban fuskarsa. Harsashi dole ya zauna daram a kan albarushi, in ka bar fili a tsakani bututu yana kumbura ko ya tsage. Ka yi wa sandar ɗurinka alama a inda take tsayawa in bindiga na ɗure, da ka zura ka ga alamar ta yi sama ka san akwai tsohon ɗuri a ciki, don ɗuri biyu a kan juna ya kashe mutane da yawa, musamman bindigar da ta shekara a rataye ba wanda ya tuna. Kar ka zuba albarushi daga gora kai tsaye bayan harbi, ƙila da sauran tartsatsi a ciki. Kaf shine na ƙarshe da ake sakawa, sai ka ga abin harbi. In ka ja kunama tayi shiru kar ka juyo ta kana leƙa baki, ka riƙe ta a saiti ka jira, wani lokaci wutar tafiya take a hankali. In an dawo gida a wanke ciki da ruwan zafi a busar a shafa mai, don tokar nan tana jan ruwa tana cin ƙarfe, da yawan bindigogin da ake cewa sun fashe haka kawai tsatsa ce ta daɗe tana cinsu ta ciki.

Sai maganar dare, wadda na san wasu zasu zage ni. Farauta da tocilan a goshi doka ta hana, tun dokar namun daji ta 1971, amma ba ma dokar ce damuwata ba. Mai tocilan ido biyu masu ƙyalli kawai yake gani ko motsin ganye, bai san mai ciki bace, bai san akuyar wani bace, bai san ɗan'uwansa ne ya tsuguna ba. Sau nawa muke ji a rediyo maharbi ya harbe abokinsa ko manomi yace ya ɗauka nama ne, daga nan sai kotu da zaman makoki gida biyu. Yanzu a ce an ƙara masa madubi da ke rufe masa gefe da gefe a cikin duhu.

Dokar kuma a sani, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba daji a rufe yake saboda lokacin haihuwa da shayarwa ne, gyazbi kaɗai aka bari shima sai da lasisi daga ma'aikatar namun daji da ke ƙarƙashin hukumar gandun daji. Bindiga ko ta toka ce sai an yi mata rajista wajen 'yan sanda ana sabuntawa. Dazuzzukan da gwamnati ta keɓe wa namun daji irin Owabi nan bayan gari da Bomfobiri da Kogyae da Digya ba a shiga da bindiga ko daji a buɗe yake. Duk mai zuwa kasuwar naman daji ta Atwemonom nan Kumasi ya tambayi matan nan da suka daɗe a wurin, zasu gaya masa daga nesa ake kawo naman yanzu ba kamar da ba.

Roƙona gareka Malam Edita, kafin Disamba ka tura ɗaya daga cikin yaranka ofishin namun daji na Kumasi ya tambayo kuɗin lasisin kowace dabba da takardun da ake buƙata da jerin dabbobin da aka hana taɓawa kwata-kwata, ku buga mana da Hausa da sunayen da muka sani, don sanarwar duk da turanci da Tuwi, yaren Asantawa, take fita a rediyo kuma yawancin maharbanmu na zango da ƙauyukan Ejura ba sa bin ta. In an buga ni zan ɗauki nauyin karanta wa na unguwarmu bayan sallar Juma'a.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku, mai karatu daga Aboabo, Kumasi.